Neman shawara: wace burauza ce ta fi saurin gudanar da JavaScript?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata takwas ke nan ina koyon haɗa shafin intanet. Na yi wani shafi mai jadawalin sunaye da makin jarrabawa, layi wajen dubu biyu. Da an danna maɓallin tacewa sai shafin ya sandare, ko gungura shi ba ka iya yi sai bayan 'yan daƙiƙoƙi. Na ce ai laifin burauza ne. Sai na rubuta ɗan kod mai ƙirga lambobi har miliyan ɗari, na gwada a Chrome da Edge da Firefox. Abin ya ɗaure min kai: wadda ta zo ta ɗaya yanzu, in na maimaita sai ta koma ƙarshe. Don Allah wacce ce ta fi sauri, in rubuta a saman shafin cewa da ita za a riƙa buɗe shi?

Wani ɗan zaure:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, burauza uku ka gwada amma inji biyu ne, wato sashen burauza da ke gudanar da kod ɗin JavaScript. Chrome da Edge duk V8 ne ke cikinsu tun da Edge ta koma kan Chromium a 2020, haka ma Opera da Brave. Firefox ce mai nata daban, SpiderMonkey, Safari kuma JavaScriptCore.

Wani dattijo a harkar:
Ƙanina, ka yi kyan kai da ka auna maimakon ka bi ji-ta-ji-ta, sai dai ma'aunin ne bai zauna ba. Waɗannan injina ba sa tashi da cikakken gudu. Da farko a hankali suke karanta kod ɗin, in suka ga wani sashe ana ta maimaita shi sai su mayar da shi harshen na'ura kai tsaye. A V8 ma hawa-hawa ne, daga Ignition har zuwa TurboFan. Shi ya sa gwajin farko da na biyar ba sa zuwa ɗaya. Wani abin kuma, in ba ka yi amfani da sakamakon ƙirgar taka a ko'ina ba, injin zai iya gane aikin banza ne ya tsallake shi gaba ɗaya, kai kuma ka ɗauka gudu ya yi.

Ba kai kaɗai wannan ramin ya taɓa rufta da shi ba. Google da kansu sun ajiye ma'auninsu na Octane a 2017, don sun ga ana gyara injina su ci maki a gwajin, alhali shafukan da mutane ke buɗewa kullum ba sa amfana. In dai kwatance kake so, nemi Speedometer 3 a browserbench.org. A 2024 ya fito, Apple da Google da Microsoft da Mozilla suka haɗu a kansa, kuma yana kwaikwayon abin da mutum ke yi ne a shafi: rubutu, danna maɓalli, zana jadawali. Kafin ka gwada, ka jona caji, ka rufe sauran shafuka, ka kashe ƙarin manhajojin da ka liƙa wa burauzar, ka bar kwamfutar ta huce in ta yi zafi. Ka maimaita sau uku aƙalla.

Wata 'yar'uwa:
Malam ya gama magana kan gwaji, amma ni zuciyata ba ta kan burauza. Layi dubu biyu ba komai ba ne wajen lissafi, zana su a fuskar allo shi ne nauyin. Ka buɗe shafin a Chrome, ka danna F12, ka shiga Performance, ka fara naɗa sannan ka danna maɓallin naka. A zanen sakamakon da zai fito, launin ruwan ɗorawa lokacin JavaScript ne, shunayya kuma na tsara shafi. Ka zo ka faɗa mana wanne ya fi yawa. Kuma don Allah kar ka rubuta wa mutane su sauya burauza. Mai ƙaramar waya ba zai sauke wata manhaja saboda shafinka ba, rufewa kawai zai yi ya tafi.

Mai tambaya:
Yaya, wallahi kamar kina gaban kwamfutata. Shunayya ce ta cika wurin. Ashe layukan nake sakawa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda na saka sai na tambayi tsawon jadawalin, burauzar ta sake tsara shafin sau dubu biyu. Yanzu na tara su a DocumentFragment, wato ma'ajiyar wucin gadi a wajen shafin, na zuba lokaci guda, tambayar tsawon kuma na fitar da ita waje. Duka ukun sun daina sandarewa. Allah ya saka muku da alheri. Saura tsohuwar wayata, can har yanzu yana ɗan jan ƙafa in ana gungurawa. In riƙa nuna layi hamsin-hamsin ne, ko akwai dabarar da ta fi?