Dizal ya shiga rijiyarmu: in janye ruwan ko in kwashe ƙasar?

Mai Casa, Argungu: Assalamu alaikum. Ina da injin casar shinkafa a bayan gari, tankin dizal ɗina a binne yake. Ashe ya huje ta gindi, ban farga ba sai da lissafin mai ya daina fita. Yanzu rijiyar da ke taku ashirin daga wurin, in ka zura guga ruwan da maiƙo mai kala-kala yake fitowa, wari kuwa ba a magana. Wani ya ce in ɗora injin ban-ruwa in yi ta janyewa har ya washe, wani ya ce a kankare ƙasar kamar yadda aka yi a Bagega, ƙauyen nan na jihar Zamfara da guba ta gurɓata ƙasarsa. Wanne zan bi?

Injiniyan Ruwa, Gusau: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya kyauta. Fara tono tankin, muddin yana ɗiga aikin banza kake. Ta Bagega dalma ce, saman ƙasa take zama, shi ya sa kankarewa ta yi amfani a 2013. Dizal nutsewa yake har ya tarar da ruwa ya kwanta a kansa, ga ruwan yankinku ba nisa. In ka matsa da janyewa, ruwan ya sauka, man ya bi shi ya shafe ƙasar da a da bai taɓa ba. A yaɗe na saman tukuna.

Ƙasar da ta jiƙe kuwa, haƙe ta kafin damina, ka baje kan leda mai kauri, ka cakuɗa da kashin kaji da buntun shinkafa (wannan kam ba saye za ka yi ba). A riƙa yayyafa ruwa, ana juyawa duk mako. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su ke cinye man, zafinmu kuma na taimakonsu. Watanni ne, dizal bai da saurin tashi irin na fetur. Ka sanar da NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, a kai ruwan gwaji.

Maman Biyu: Alhaji, don girman Allah a rufe rijiyar yau, kada ma a ba dabbobi. Tafasawa ba ta raba shi da mai. Kuma kada a tura yaro yasa, tururin da ke ciki kan shaƙe mutum.

Mai Casa, Argungu: Na gode, Hajiya, na sa an ɗora mata kwano da dutse. Injiniya, in na haƙa burtsatse a harabar fa?

Injiniyan Ruwa, Gusau: Ba a nan ba. Ramin zai iya buɗe wa man hanya zuwa ruwan can ƙasa. Matsa nesa, ɓangaren tudu.