Zafin kwamfiresa: kyauta ne ko an biya?

Mai Faci, Sana'iyya (unguwar masana'antu), Jidda: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Bututun da ke fitowa daga kan kwamfiresarmu (injin matsa iska) ko taɓa shi ba a yi don zafi. Na naɗa masa siririn bututun jan ƙarfe, ruwa na bi ta ciki, na rufe da tsumma, muna samun ruwan zafin wanke kayan inji kyauta. Mudir, wato manajanmu, ya zo ya warware, wai zan kashe mutane. Hassada ce kawai!

Injiniya: Kyauta? Wa ke biyan kuɗin wuta? Wajen kashi 90 cikin 100 na lantarkin da kwamfiresa ke sha zafi yake komawa. An riga an biya shi.

Ɗan Makka: An biya ana zubarwa a iska. Abin da aka yar, wanda ya tsinta kyauta ya samu.

Alaramma: Tsintuwa ma sai an yi cigiya. Jan ƙarfen naka ne ko na kafil, ubangidanka?

Mai Faci: Allah gafarta Malam, a mataccen firji na ciro.

Tsohon Makanike: Ku ajiye kyautar nan. Yaro, tsumman ne matsalar. Iskar da ke fita daga kwamfiresa mai fistan takan haura digiri 150, kuma bututun an bar shi a buɗe ne don ya huce. Ran da ruwa ya ɗauke, ga dattin mai ya ƙeƙashe a ciki, yana iya kamawa da wuta. Injin dizal ai ba fulogi, matsa iska kaɗai ke kunna mansa. Masana'antu na kwasar zafin nan, amma da na'urar da aka ƙera domin haka, ba naɗin hannu ba. Yaushe rabonka da tsiyaye ruwan gindin tanki? Laimar Jidda tsatsa take sa masa.

Mai Faci: Baba, da 'ya'yana uku ake ce mini yaro?

Ɗan Makka: Wai ma ruwan zafi a Jidda? Buɗe famfo da azahar ka ji.

Na Tabuka: Ba kowa ke Jidda ba. Zo nan cikin Janairu.

Ɗan Makka: Ku da kuka zo jiya za ku koya mana ƙasar?

Injiniya: Ni dai a janye "kyauta".

Shugaban Zaure: Na rufe. Abin da aka tsayar: ɗan garinmu ya yi basira, mudir ya yi gaggawa, Injiniya kuma gardama ce ta kawo shi. Maganar tsatsa a kai wani zauren.