Ƙididdigar mamatan annoba a Legas zamanin Turawa: a yarda da ita ko a watsar?

Malam Sani: Jama'a, ga maganar da nake so mu tattauna. Daga 1924 zuwa 1931 annobar kaluluwa, wadda ƙumar ɓera ke yaɗawa, ta zauna a Legas. Takardun hukumar lafiya ta lokacin sun nuna mutum sama da 1,900 suka kamu, sama da 1,800 suka mutu. Ni a ganina wannan lissafi bai cancanci a gina komai a kansa ba. Wanda ya rubuta shi shi ne mai rusa gidan da aka samu cutar, shi ne mai kwashe iyali ya killace su. Wa zai kai kansa? Lissafin da aka tara da tsoro ba lissafi ba ne.

Dakta Hauwa: Malam, rabin maganarka na karɓa, rabi ban karɓa ba. Ka raba 1,800 da 1,900, za ka ga fiye da 90 cikin 100 na waɗanda aka rubuta sun mutu. Nau'in da ke kumbura kaluluwa a hantsa ko hammata, ko ba magani, abin da aka sani yana kashe tsakanin 30 zuwa 60 cikin 100. Me ya kai Legas 90? Ai amsar a fili take: hukuma ba marasa lafiya take samu ba, gawarwaki take samu. Wanda ya kwanta a ƙuryar ɗaki ya warke, babu wanda ya rubuta shi. A ce ainihin kisan 60 cikin 100 ne, to mamata 1,800 na nufin wajen mutum 3,000 ne suka kamu. Ke nan adadin waɗanda suka kamu ne ya lalace. Na mamata ya fi shi ƙwari nesa ba kusa ba, domin ɓoye mara lafiya ya fi ɓoye gawa sauƙi, musamman a tsibiri mai cunkoso irin na Legas.

Malam Iliyasu: Dakta, ki yi hattara da wannan rabon. Ba nau'in kaluluwa kaɗai ba ne. Akwai na huhu da wanda ke shiga jini kai tsaye, su kuwa kafin zuwan magungunan kashe ƙwayoyin cuta a shekarun 1940 kusan ba mai tsira. In waɗannan sun yi yawa a cikin lissafin, 90 ɗin ba duka daga ɓoyo ya fito ba. Sai an ware kowane nau'i daban, shekara-shekara, sannan a raba.

Dakta Hauwa: Gaskiya ne, na yarda a ware. Amma ka lura, na jini shi ne wanda ya fi kuɓuce wa mai duba gawa, tunda ba kumburin da ido zai gani. Sai an ɗebo ɗan abu daga saifa an shafa a gilashi an rina an duba a madubin likita. Gawar da ta kwana biyu a zafin Legas kuwa wasu ƙwayoyin ruɓa sun riga sun cika ta. Na huhu kuma a rubuta shi ciwon haƙarƙari a wuce.

Malam Sani: To ai kin ƙara mini ƙarfi. Ga kuma mu Musulmi, da Yarbawa da Hausawan da ke fataucin goro daga Gwalkwas, wato Gana ta yau, ba ma son gawa ta kwana, balle a ce za a yanka ta. Duba-gari na zuwa, an riga an kai mutum makwancinsa.

Hajiya Rabi: Malam Sani, abin da kake faɗa dalili ne na gyara lissafi, ba na zubar da shi ba. Hanyar ma sananniya ce, ita aka bi aka gane abin da ya faru a birnin Bombai na Indiya bayan annobar ta shiga a 1896, inda mamatan "zazzaɓi" suka yi tsalle ba gaira ba dalili. Ka manta da layin da aka rubuta sanadin mutuwa tukuna. Ɗauki jimillar duk wanda aka yi wa rajistar mutuwa, wata-wata. Ka nemi shekaru biyar da ba annoba, ka fitar da matsakaicin kowane wata, domin mutuwar damina ba ɗaya take da ta rani ba. Sai ka ɗebe wannan matsakaici daga jimillar watannin annoba. Abin da ya yi saura shi ne rarar mutuwa. Yanzu ka ajiye shi kusa da adadin da hukuma ta ce na annoba ne. Giɓin da ke tsakani, je ka neme shi a layin zazzaɓi da ciwon haƙarƙari da "ba a san sanadi ba". Yawanci a can yake kwance. Kuskuren da ake yawan yi: a sa 1918 cikin shekarun gwaji. Shekarar marisuwa ce, wato babbar murar da ta game duniya, za ta kumbura matsakaicin ta haɗiye rarar da kake nema.

Kuma Legas ta fi yawancin garuruwan Afirka ta Yamma dacewa da wannan aiki, tunda an kafa dokar rajistar haihuwa da mutuwa tun 1863, aikin ya kankama a 1892.

Malam Iliyasu: Hajiya, tunda kin ambaci 1918, bari in nuna inda ko wannan hanya take tuntuɓe. Murar ta sauka Legas a watan Satumba ta jirgin ruwa mai suna Bida da ya taso daga Gwalkwas, ana kuma cewa ta kashe wajen mutum 1,200 a garin. Cikin mutum nawa? Ƙidayar 1911 ta ba da 73,766, ta 1921 ta ba da 99,690. Raba da ta farko ka samu kusan 1.6 cikin 100, raba da ta biyu ka samu 1.2. Mamatan ba su canja ba, amma sakamakon ya motsa da yawa. Ga shi iyakar garin ma an faɗaɗa ta tsakanin ƙidayar biyu. Duk wanda ya kawo kaso bai faɗi da wace ƙidaya ya raba ba, ni ba na karɓa.

Malam Sani: Saura waɗanda suka gudu fa? Mutum ya ji jikinsa ba daɗi ya hau kwalekwale ya nufi Ijabu, ko ya hau jirgin ƙasa zuwa Abekuta, ya mutu a can. A littafin Legas yana nan da rai.

Hajiya Rabi: Wannan kam ka kama ni, rarar mutuwa ba ta ganin sa. Shi ya sa nake ɗaukar abin da ta bayar a matsayin mafi ƙanƙanta. Abin yi shi ne a haɗa da rahotannin lardin Ijabu da na Abekuta, inda annobar ta ɓulla daga baya, da littattafan maƙabartu da na coci, da jaridun garin irin su Lagos Weekly Record. A kuma duba lissafin ɓerayen da aka kama aka feɗe. Ɓera ba ya ɓoye ɗan'uwansa, kuma cutar kan fara kashe ɓeraye kafin ƙuma ta koma kan mutane. Unguwar da ɓerayenta suka nuna cuta amma littafi ya ce mutanenta lafiya lau, can za ka fara tono.

Dakta Hauwa: Da sharaɗi ɗaya, Hajiya: a san tarko nawa aka ɗana a kowace unguwa. In an cika unguwar Oko Awo da ke tsibirin Legas da tarko an bar wata unguwa, Oko Awo ce za ta fito baƙa a taswira, ita ce kuma aka rusa bayan kafa hukumar raya Legas a 1928.

Malam Sani: To ku kawo jimillar wata-wata daga 1919 zuwa 1931, da adadin tarkon. In giɓin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba zan janye maganata. In ya wuce, ina nan a kan bakana.