Kiran da kamfani ke yi wa mota saboda birki: ya shafe mu ko bai shafe mu ba?

Mai Golf: Jama'a, maganar da aka yi jiya a tashar Ringim, wai kamfani na kiran motoci a mayar masa saboda birki. Ni na ce wannan ta Turawa ce. Motocinmu 'yan Kwatano ne, sun ci hannu uku kafin su zo. Wa ya san da zamanmu?

Ɗan Auta: Yaya, kamfani bai san ka ba, amma lahanin ya biyo motar har ƙofar gidanka. A 2010 Toyota ta kira motoci kusan miliyan 1.5, ciki har da Highlander ta 2004 zuwa 2006. Irin su nawa ke yawo a Kano yau? Wasiƙar kiran ta je wa mai motar na can, wataƙila ma ya riga ya sayar.

Mai Golf: To na sani, sai me? Amurka zan kai ta?

Bakanike: Bari in shigo. Abin da ya sa aka yi kiran nan shi nake gani kullum a gareji. Wata roba ce a cikin masta, inda man birki ke taruwa. In aka zuba man da bai dace da ita ba, sai ta bushe ta nannaɗe, mai ya riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan. Direba zai ji birki ya yi laushi, sai ya taka sau biyu kafin ya kama, ya ce ai halinta ne. Ba halinta ba ne. In na san ciwon da aka haifi mota da shi, ba zan yi ta lalube ina cin kuɗinka ba, kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa zan aika a kawo abin.

Ciyaman: Allah ya tsare. Amma haɗari ai ƙaddara ce.

Baba: Ƙaddara ce, Ciyaman, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Wata Alhamis na ɗauko lodin Maigatari, har da mai goyo a gaba. Shanu suka shigo titi, na taka, ƙafata ta nutse har ƙasa. Da giya na rage gudu, na gangara cikin yashi. Sati biyu ina ƙara man birki duk safiya, wanda nake saye a bakin hanya, ban taɓa tambayar ina yake zuwa ba. Har yau ina ganin yadda matar nan ta ƙanƙame yaronta.

Ciyaman: Subhanallahi. Ban taɓa jin wannan ba, Baba.

Ɗan Auta: Dubawar ba wuya. Lambar casis, haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba. A sa ta a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Mai Golf: Tawa daga Jamus take, wannan shafin bai san ta ba. Kuma har yanzu ban ji wanda zai biya ba.

Bakanike: Nan kam ka yi gaskiya, ka sa rai aljihunka ne. Amma kawo ta gobe kafin lodi. Na ga ɗigon mai a cikin tayarka ta baya ranar Litinin.

Mai Golf: Ashe ka gani. Bayan sallar asuba ina nan tafe, insha Allah.