Hodar da ke tayar da gashi: za a iya haɗa ta a gida?

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min da shawara. Gashina irin mai laushin nan ne, siriri kamar zaren ɗinki, gadon wajen mahaifiyata. Tsawo akwai shi, cika ce babu. In na wanke shi ranar Juma'a, kafin Lahadi ya yi maiƙo ya manne da fatar kai, ga ɗankwali da hijabi suna danne shi yini guda. Da dare in na cire ɗankwali na duba madubi, sai in ga kaina kamar kazar da ruwa ya yi wa duka. Tun da na haihu wata 5 da suka wuce abin ya ƙaru, har fatar kaina nake hangowa ta wajen goshi.

Na ga wata hoda a TikTok, ana barbaɗa ta a gindin gashi a murza, nan take gashi ya tashi. Na je kanti na same ta, 'yar kwalba ce ba ta fi yatsa ba. Da na ji kuɗinta sai na lallaɓa na mayar da ita inda na ɗauko. Na dawo gida na gwada da hodar yarana, maigidan na shigowa ya tambaye ni ko daga injin niƙa nake. Akwai wadda ta taɓa haɗa irinta da kanta?

Mai Kitson Layinmu:
Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu, ya jego? Wallahi kin ba ni dariya. Ana haɗawa, ina yi wa amare masu irin gashinki. Ki sami sitacin masara, wanda ake ƙara wa miya kauri da shi, mai ƙara in kin murza shi tsakanin yatsu. Garin tuwo ba ya yi, yana da tsaki. Ƙaramin cokali 2 na sitaci, 1 na hodar koko. Kokon cakulan nake nufi fa, ba na shan ƙosai ba, kuma zallarsa, mai ɗaci. Kada ki sa Milo ko Bournvita, akwai sukari da madara a ciki, kanki zai yi danƙo ki kwana da kiyashi. Kokon shi ke kashe farin nan da ya jawo miki tsiya wurin maigida. In kin ga har yanzu da haske, ki ƙara kaɗan.

Ki tankaɗe sau biyu da rariya mai laushi, ki zuba a busasshiyar kwalba mai murfi. Wajen sawa ake yin kuskure. Ba a juye ta a ka. Ki tsaga gashin da tsinken kitso, ki tsoma burushin hodar fuska, ki kakkaɓe, ki ɗan daddanna a kan tsagar kawai. Tsaga huɗu ko biyar sun isa. Ki bar shi minti 2 zuwa 3 ya tsotse maiƙon, sannan ki sunkuyar da kai ki murza gindin gashin da kan yatsu. Kada ki bi da mataji mai ƙananan haƙora, zai sake kwantar da shi.

Babban sharaɗi: kai a bushe, babu mai. Wata amarya ta lafta man kwakwa kafin ta zo, ba ta faɗa min ba, ina sa hodar ta koma talge. Sai da muka wanke kan, 'yan ɗaukar amarya na ƙofar gida suna ta danna hon.

Malamar Kimiyya:
Haɗin Anti mai kitso daidai ne, sai dai kada ki sa ran zai yi kamar na bidiyon. Ki duba bayan kwalbar irin su Osis Dust It ko Got2b, za ki ga an rubuta silica silylate. Wani gari ne mara nauyi, yana maƙalewa a jikin gashi ya sa shi kaushi, sai silin gashi ya riƙe ɗan uwansa su tsaya. Sitaci kuwa aikinsa shan maiƙo ne, ya sauke wa gashi nauyin da ya kwantar da shi. Za ki ga canji, amma ba tsayin nan ba.

Abin da nake roƙonki, in kin ga masu cewa a ƙara bakin soda (baking soda, na yin kek), ki ƙyale su. Fatar kai ma'aunin pH ɗinta, wato ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar abu, wajen 5.5 ne, bakin soda kuwa ya haura 8, dangin kanwa ne. Yana busar da gashi ya karya shi, balle siririn gashi, balle wanda aka yi wa man saki. Sannan ki riƙa sawa nesa da jariran, kada su shaƙi ƙurar. Ki kuma duba hodar da kike shafa musu, ko ta talc ce (garin wani dutse mai laushi) ko ta sitaci. Kamfanin Johnson ma ya daina sayar da ta talc a duniya a 2023, ya koma ta sitacin masara.

Hajiya Kaka:
'Yata, ku yaran yanzu komai sai hoda. Wannan zubar gashin jego ce. Tana farawa wajen wata 3 bayan haihuwa, yawanci kafin yaro ya shekara gashin ya dawo. Ke mai 'yan biyu, in kina jin jiri ko kasala, ki je a auna jininki, ƙarancin jini ma na zubar da gashi. Ki bar ƙananan kitso masu jan goshi, ki yi kalaba manya sakwa-sakwa. Lalle kuma yana kama jikin gashi ya ƙara masa kauri, mu da shi da karkashi muka tashi. Sai dai zai ba shi ja-ja, ki tambayi mai injin niƙan ko yana so.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, in sha Allahu ranar rigakafin yara zan ce a auna ni. Anti, na gwada jiya bayan isha'i. Gashin ya ɗago sosai ta tsakiya, goshin dai yana nan yadda yake. Ɗakin duk ƙamshin cakulan. Matsala biyu: farar rigar matashina ta yi ruwan ƙasa, kuma da asuba na yi shafar kai a alwala sai gaban ya ɗan cure.

Mai Kitson Layinmu:
To kin cika hannu ne. Ki rage rabi, ki ja baya daga goshi kamar yatsa biyu, ki kwana da hular gashi mai duhu. Kuma kada ki yi ta ƙari a kan na jiya, in ya kwana biyu ki wanke, in ba haka ba ƙaiƙayi zai dame ki har ki ɗauka amosani ne. Yanzu da hunturu ya matso ma maiƙon zai ragu da kansa, sa hodar sau ɗaya a mako ya ishe ki.