Giyar Beljika mai tsami: ta lalace ne ko haka take?

Ɗan Yantala:

Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina da tambaya, amma kafin wani ya hau ni da wa'azi bari in faɗa tun yanzu, ni ba na sha, aiki ne ya haɗa ni da abin. Ina sabis a wani gidan abinci nan unguwar Plateau a Yamai, yawancin kiliyan ɗinmu baƙi ne. Patron ya dawo daga tafiya da katan na wata giya ta Beljika, kwalbar irin ta shampen da bushon, wato abin toshe bakinta, an ɗaure shi da waya, an rubuta Oude Geuze a jiki. Na buɗe ma wani kiliyan, kurɓa ɗaya ya yi ya yamutsa fuska ya ce in ɗauke ta lalace, sai wani dattijon bature a tebur na gaba ya ce a miƙo masa, ya daɗe yana shaƙa kafin ma ya kai baki, ya shanye tas har ya ce in ɓoye masa wata. Ni da na kai hanci warin garke na ji da ɗan lemun tsami, wallahi ba abin da ya yi kama da abin da mutum zai biya kuɗi a kai. To wa ke da gaskiya cikinsu? Kuma in gobe wata ta lalace da gaske yaya zan gane tunda dukansu tsami gare su? Patron kansa bai sani ba, cewa ya yi kawai mai tsada ce in yi hankali da ita.

Abu Maryam:

Wa alaikumus salam. Ƙanena ka ce kar a yi wa'azi, to ba zan tsawaita ba, amma ka san hukuncinta bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, har da mai miƙa ta. Ka riƙa neman wani aiki a hankali, Allah ya musanya maka da mafi alheri.

Ɗan Yantala:

Amin malam na gode, ina kan nema. Kafin nan dai wannan ne ke ciyar da gida.

Ba'adare a Turai:

Ɗan Yantala sannu da aiki. Ni Kirista ne daga wajen Galmi, na zauna Burusel, babban birnin Beljika, shekaru, ina sha jefi jefi, to bari in ba ka abin da na sani. Dattijon nan shi ad da gaskiya. Giyar ba ta lalace ba, haka anka yi ta.

Asalinta wata giya ce da ake kira lambic, ana yinta a Burusel da ƙauyukan kudu maso yammacinta, yankin Pajottenland da kwarin kogin Senne. Tsiron sha'ir ne da ɗanyar alkama, alkamar ba ta kasa kashi 30 cikin 100 ba, sai furen hublon, wanda ke ba giya ɗaci, amma tsoho wanda ya shekara biyu uku a ajiye har ɗacinshi ya tahi, don ba ɗaci suke nema ba, tsarewa daga ruɓa suke nema. Abin da ya bambanta ta da sauran giya shi ne ba su zuba yis ko kaɗan. In sunka dahwa ruwan sai su juye shi cikin wani faffaɗan kwano na tagulla marar zurfi can saman soro, su bar iska tana shiga ta tagogi, ya kwana a buɗe. Abin da iska da katakon ɗakin sunka kawo shi za ya yi aikin. Shi ya sa ba a dahwa ta sai da sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, da zahi ƙwayoyin da ke yawo ba na kirki ba ne. Da sahe a ɗura cikin gangunan itacen shen, wani itacen Turai mai ƙwari, galibi tsoffi waɗanda anka taɓa aje ruwan inabi ciki, a bar ta nan shekara guda, biyu, har uku.

Ita geuze ɗin da ke hannunka gauraye ce. Mai haɗawa shina bin ganguna ɗaya bayan ɗaya yana ɗanɗanawa, ya ɗebi ta shekara uku don zurfin ɗanɗano, ya ɗebi ta shekara guda don tana da sauran sukari, ya haɗa ya rufe a kwalba, nan ciki ta sake tashi ta yi gas. Dalilin kwalbar shampen da waya ke nan, ƙarfin gas ɗin ba wasa ba ne. Kalmar Oude da ka gani, wato tsohuwa, doka ce ta Tarayyar Turai ke tsare ta, sai mafi tsufar da ke ciki ta kai shekara uku a ganga kuma ba a ƙara mata zaƙi ba. Akwai masu rubuta geuze kawai ba Oude, waɗannan da yawansu an sa musu zaƙi, ni dai ban ɗauke su komi ba, lemun kwalba ne mai sa maye.

Na shiga gidan Cantillon a unguwar Anderlecht, tun 1900 suke aiki kuma har yanzu zuri'ar gida ɗaya ce, ana biyan kuɗi a zagaya kamar gidan tarihi. Abin da ya tsaya min a rai yanar gizo ce ko'ina saman ganguna ba mai share ta, don gizo-gizo ke kama ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace da rani. Ganga ko wace da alli an rubuta mata alama, wata kumfa na fita ta bakinta ta bushe ta yi baƙi a jikin katako.

Batun sha kuma, kuskuren mai kurɓa ɗaya ke nan. Kurɓar farko baki ba ya jin komi sai tsami, dasashi ya ɗaure, yawu ya tsinke. Sai a ta uku harshe ya saba, sannan ka fara jin ɓawon lemu, ɗanyen tuffa, busasshiyar ciyawa, fatar da anka jeme, can ƙarshe ɗan ɗacin katako, kuma bakinka ya bushe ƙarƙaf ba danƙon sukari. Warin garken da ka ji shi masu sonta ke biya. Kar ka kawo ta da sanyin ƙanƙara yadda mutanenmu ke son giya, sanyi na kashe ƙamshin ya bar tsami tsirara, wajen digiri 10 zuwa 12 ya isa. Kofin gilas mai ɗan faɗin baki, ka karkata shi ka zuba a hankali, ka bar gutsin kwalba don akwai laka.

Maman Nana:

Ikon Allah. Ɗana ni ban san giya ba kuma ba na fatan sani, amma duk bayanin ga da bawan Allah ya yi ai aikin ƙwaryar nono ne. Mu nan Tahoua wace mace ce ke sayen wani abu ta zuba ma madara? Tsohuwar ƙwarya ita ka kama nono, sabuwa sai ta sha nono ta ƙoshi kahin ta iya. Kuma nonon gidan wance daban da na gidan wance ko da saniya guda anka tatsa. Mai saye da hanci take ganewa, tsamin kindirmo daban, tsamin wanda ya kwana uku cikin zahi ya tsinke ya yi ruwa daban. Ashe Turawa ma abin da suke ke nan sai dai su sun sa mishi kwalba da tsada.

Malama Labo:

Inna kin faɗi rabin karatun da muke koyarwa. Ni fannina sarrafa abinci ne, ban taɓa kai ta baki ba, amma Ɗan Yantala tambayarka ta biyu hanci ma ya isa ya amsa ta.

Cikin gangar nan ba ƙwaya ɗaya ke aiki ba, layi suke bi. Watannin farko yis na yau da kullum, Saccharomyces, irin na burodi, shi ke cinye sukari mai sauƙi. Bayansa bakteriya masu yin asid na nono, musamman Pediococcus, dangin masu tsamar da nono da gasarar koko, su ke kawo tsami mai laushi. A wannan lokacin giyar har yauƙi take yi kamar miyar kuɓewa, masu yinta suna cewa ta yi ciwo, ba sa zubarwa, jira suke. Daga ƙarshe wani yis mai jinkiri, Brettanomyces, ya zo ya cinye yauƙin da sauran sukarin da kowa ya kasa, shi ne mai warin garke da fata. Katako yana da ƙananan ƙofofi, ƙwayoyin suna zama ciki daga wannan zubi zuwa wancan, kuma iska tana ratsawa kaɗan kaɗan. Kaɗan ɗin nan ake so. In ta yi yawa sai Acetobacter ya samu wuri ya mai da barasar binegar. Abin da ke cin burkutu ke nan, ita ma da gangan ake barin ruwan dawar ya yi tsami kafin a sake dafawa, amma da yake a buɗe take cikin zafinmu kwana biyu uku ta wuce sha.

To ga abin da za ka lura. In tsamin yana sa yawu kamar lemun tsami ko nono, lafiya. In yana soke hanci yana ƙona maƙogwaro kamar ka buɗe kwalbar binegar ta kicin, iska ta shige ta. Warin maganin goge farce na mata mai ƙarfi, shi ma lalacewa ne. Warin amai ko rubabben man shanu, mayar da ita. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da ya yi fumfuna yawanci daga bushon ne. Sannan ka saurari buɗewar, geuze ba gas ko kaɗan alama ce bushon ya saki. Gajimare a cikin kofi da laka a ƙasa ba aibi ba ne.

Sai dai ka duba sunan, don akwai wata jar giya ta Flandre, arewacin Beljika, irin ta Rodenbach da ke garin Roeselare tun 1821, ana ajiye ta cikin manya manyan gangunan katako a tsaye har shekara biyu. Ita ɗan binegar ɗin yana cikin tsarinta tare da zaƙi zaƙi, kar ka yi mata hukuncin geuze.

Ɗan Yantala:

Kai na gode ƙwarai, yaya Ba'adare da malama da inna. Saura ɗaya, a mangaza muka jibge katan ɗin tare da lemu, kuma kun san yadda Yamai take a watan Afrilu ga ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Jikin kwalbar an rubuta tana kai shekara 20, to zafin zai taɓa ta?

Ba'adare a Turai:

Fitar da ita daga mangazar nan yau ɗin nan ƙanena. Shekara 20 ɗin a ɗakin ƙasa na Beljika ake nufi inda sanyi ke wajen digiri 12 rani da damina, ba mangazar kwano da ke wuce 40 ba. Abin da ke cikin kwalbar da rai yake, zahi na tada shi, gas ya ƙaru, bushon ya bushe ya hwara yoyo ko ka buɗe rabi ya tashi sama. Ka sa ta can ƙasan firigo inda ba a yawan buɗewa, in kuran ya tahi kar a taɓa ƙofar. Wadda za a sha ka tsayar da ita tun jiya laka ta kwanta, ka fitar minti 15 kafin a buɗe, in kana kwance wayar ka dafe bushon da babban yatsa kuma kar ka auna fuskar kowa. Kuma tun kafin ka buɗe ka gaya ma kiliyan mai tsami ce ba zaƙi, in ya yi jim ka kawo mishi wadda ya saba.