Barkwancin talabijin a kan dandamali: yana tsira ko lalacewa yake?

Maganar da ake ja a kai: gajerun wasannin barkwanci na talabijin, in aka ɗora su kan dandamali gaban jama'a, lalacewa suke yi.

Mai Tace Hoto: Ni dai ina bayan maganar nan. A talabijin rabin dariyar a hannun mai tacewa take. Fitowa ɗaya, wato gajeren wasa guda, minti 2 zuwa 4 ce, ana faɗin kalmar ƙarshe sai a yanke, a shiga wata fitowar. Kyamara ta matso fuska, ɗaga gira kaɗai ya isa. A dandamali wa zai yanke maka? Sai a kashe fitila, 'yan wasa su lallaɓa cikin duhu, dariyar ta huce.

Mai Kula da Dandamali: Malam, ai an daɗe da samo maganin wannan. 'Yan ƙungiyar barkwanci ta Monty Python na Ingila, da shirinsu ya gudana a BBC daga 1969 zuwa 1974, sun yi wasa a dandamalin Hollywood Bowl na Amurka a 1980, suna cike tsakanin fitowa da fitowa da guntayen fim a majigi. A 2014 kuma, a zauren O2 na Landan, dare 10 suka yi, aka haɗa da 'yan rawa da zane mai motsi na ɗayansu, Terry Gilliam. Giɓin nan shi ne lokacin canza kaya.

Hajiya Mai Kayan Wasa: Canjin kayan ne ma inda ake faɗuwa. A wasan 2014 ɗin, 'yan ƙungiyar su 5 ne suka ɗauki rawar mutane da yawa. Maɓalli ba ya aiki a nan, sai zif ko maɗauri mai mannewa. Ana sa kaya kan kaya, na fitowar gaba a ciki, kowane ɗan wasa da mai shirya shi a gefen labule, an jera komai kan kujera bi da bi. Abin da ya fi ɓata aiki gashin kanti: a fizge shi da sauri ya taho da wayar makirufo, mutum ya fito yana magana ba a ji.

Mai Sauti: Hajiya ta taɓo inda nake. Shi ya sa ake maƙala wa babban ɗan wasa makirufo 2. Amma Malam Mai Tace Hoto yana da gaskiya ta wani gefen. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa. Wanda ke mita 100 daga dandamali zai ga baki ya motsa a babban allon da ke nuna 'yan wasa, maganar ta iso shi bayan kusan sulusin daƙiƙa. A barkwanci wannan ba ƙaramin jinkiri ba ne. Ita ma dariyar na baya a makare take isowa, ɗan wasa ya zaci ta ƙare, ya saki layi na gaba, ta binne shi.

Mai Tace Hoto: To kun gani. Na baya allo yake kallo. Ya sayi tikiti mai tsada ya zo kallon talabijin!

Mai Kula da Dandamali: Haba Malam, ba don a ba shi mamaki ya zo ba. Wasan mataccen aku na John Cleese da Michael Palin, 'yan Monty Python, jama'a sun haddace shi, tare da su suke furta kalmomin. Abin da ake jira shi ne inda ɗaya zai kauce wa rubutu, ɗayan ya kasa riƙe dariya. A talabijin wannan kuskure ne da za a sake ɗauka.

Mai Sauti: Na yarda, amma da sharaɗi. Fitowar da ta dogara da cacar baki tsakanin mutum 2 tana tsira. Wadda ta dogara da yankan hoto ko kallon ido, a nuna ta a majigi kawai, ko a cire ta daga jerin.